HANYAR DA BA A ƘIDAYA BA, BA A TUNAWA DA ITA

(Jawabin da kwamitin hanya da kasuwa ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara, a garin Bobi)

  



GABATARWA

Shugabanni sun ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan hanya. To, mun sani sarai babu wanda ke zaune a nan da yake buƙatar a gaya masa halin hanya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka ba mu zo mu maimaita kukan da kowa ya haddace ba. Maƙasudin wannan jawabi shi ne mu duba abu guda: yaya gwamnati take sanin halin da hanya ke ciki, daga ina take samo alƙaluman da take aiki da su, kuma mu mutanen Bobi da kewaye muna cikin waɗannan alƙaluma ko ba ma ciki?

Bari mu fara da abin da ya faru da mu. Wasu shekaru da suka wuce, bayan an yi kaka, wata mota ɗauke da masara ta kife a bakin wani kwalbati da ruwa ya zaizaye, a kan hanyar burji da ke fitowa daga gonaki zuwa bakin kwalta. Yaron motar, saurayi ne da bai daɗe da aure ba, buhuna suka danne shi, kafin a ciro shi rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura kafin la'asar kamar yadda addini ya tanada, Allah ya jiƙansa. Bayan an share makoki, muka tashi wakilai muka tafi wani ofishi neman a gyara wurin. Jami'in da muka tarar ya karɓe mu hannu biyu, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ɗauko biro ya ce: "Alhaji, ran nawa ga wata abin ya faru? A kilomita na nawa? Kafin wannan, sau nawa mota ta faɗi a wurin? Mota nawa ke bin hanyar ranar kasuwa?"

Jama'a, wallahi muka kalli juna. Wani ya ce sau uku ne, wani ya ce ai ya fi biyar. Wani ya ce kafin salla ne, wani ya ce bayan salla. Mutumin nan ya ajiye biro ya ce, shi ya yarda da mu, amma takardar da zai aika sama ba ta da gurbin "an ce". Muka fito jiki a sanyaye. Tun daga wannan rana muka gane cewa muna da gaskiya, amma ba mu da shaida.

HANYA TA WANE CE?

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne. Akwai na gwamnatin tarayya, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma. An ƙiyasta tsawonsu duka ya kai kimanin kilomita 195,000 zuwa 200,000, amma na tarayya ba su wuce kimanin 35,000 ba. Mafi yawan sauran na ƙananan hukumomi ne, wato irin waɗanda muke bi zuwa gona da ƙauye, kuma su ne aka fi jahiltar halinsu.

Babban titin da ya taso daga Tegina ya biyo ta Kamfanin Bobi ya nufi Kontagora na tarayya ne. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ke da shi, tana da kwanturola a Minna, sannan akwai hukumar FERMA da aka kafa a 2002 domin facin hanyoyin tarayya. Jiha kuma tana da tata ma'aikatar ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi. Hanyoyin cikin gari da na ƙauyuka da magudanan ruwa kuwa, tsarin mulkin 1999 ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, mu kuwa tamu ita ce Mariga mai hedkwata a Bangi. Sau da yawa mukan ɗauki kukan kwalbatin ƙauye mu kai wa mai titin tarayya, ko mu ɗauki na titin tarayya mu kai wa kansila, mu dawo muna cewa an wulaƙanta mu, alhali kuwa ƙofar ce muka ɓata.

ME AKE ƘIDAYAWA?

Abubuwa huɗu ne injiniyoyi da masu tsara kasafin kuɗi ke nema a kan kowace hanya.

Na ɗaya, tsawonta da irinta: kwalta ce, burji ce, ko kuwa turba ce kawai, gada nawa, kwalbati nawa.

Na biyu, lafiyarta: ramuka, tsagewa, inda gefe ya cinye, inda ruwa ke kwanciya.

Na uku, yawan abin hawa. Kun taɓa ganin samari zaune a bakin titi da takarda suna ja layi duk motar da ta wuce? To, ƙidaya suke yi. Sukan raba ƙananan motoci daban, bas daban, tirela da tanka daban, su yi kwanaki, sannan a fitar da matsakaicin abin da ke wucewa a yini. Wannan ba wasa ba ne, domin da shi ake yanke kaurin kwaltar da za a zuba. Wani gwaji da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninku kusan sau 16. Ke nan tirela guda da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Idan aka gina hanya bisa tsohuwar ƙidaya, ko bisa kintace, alhali manyan motoci sun ƙaru, ko sun karkato nan saboda wata hanyar ta lalace, to kwaltar da aka ce za ta yi shekara ashirin sai ka ga damina uku ta gama da ita.

Na huɗu, haɗurra: ina, yaushe, me ya jawo, mutum nawa suka ji rauni, nawa suka rasu. Wannan aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ne, wato FRSC, waɗanda muke kira 'yan rod-sefti, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1988. Ofisoshinta na jihohi ke tara rahoto su aika Abuja, ita kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, wadda dokar 2007 ta kafa, takan buga alƙaluman jiha-jiha domin kowa ya gani.

Wannan tsari ba mu kaɗai ke yin sa ba. A Amurka, kowace jiha dole ne ta aika wa gwamnatin tarayya bayanin hanyoyinta duk shekara, kuma tun 1945 ake buga littafin ƙididdigar hanyoyi shekara bayan shekara. A 1978 suka ƙara da tsarin auna ingancin hanyoyin, ana kai rahoton gaban majalisa idan za a yi maganar kuɗi. Jihar da ta yi sakaci da alƙalumanta, kanta ta cuta. Mu ma nan gida, kuɗin da ake raba wa jihohi duk wata lissafi ne: kashi 40 cikin ɗari raba-daidai, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, sauran bisa ayyukan jin daɗin jama'a da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a 1976, ita ce mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, sama da murabba'in kilomita 76,000. A ƙasa mai faɗi irin wannan, ma'aikaci ba zai iya taka kowane lungu ba. Wurin da takarda ta fito, shi ake gani.

MATATTUNMU DA BA SU SHIGA LISSAFI BA

To jama'a, ga inda gizo ke saƙar. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, Nijeriya ta bayar da cewa mutum 5,053 ne suka rasu a haɗarin hanya a shekarar 2016. Amma da hukumar ta yi nata ƙiyasin, sai ta ce adadin ya kai 39,802. Ku duba tazarar da ke tsakani. Wato cikin kowane mutum takwas, kusan ɗaya ne kawai ya shiga littafi. A 2023 da 2024 ma, abin da aka rubuta ya ɗan haura 5,000 ne kowace shekara.

Ina sauran bakwai ɗin suka tafi? Ba sai mun je nesa ba, suna maƙabartunmu. Babban haɗari irin na tankar mai da ta fashe a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 80, duniya duka takan ji, a rubuta. Amma namu ɗaiɗai ne. Ɗan acaɓa ya faɗa rami da daddare. Mai naƙuda ta cika a bayan a-kori-kura saboda rafi ya cika an kasa haurawa. Wani ya ji rauni, aka kai shi wurin mai ɗori, bayan mako biyu ya rasu a gida. A ƙa'idar duniya, duk wanda ya rasu cikin kwana 30 saboda raunin haɗari, haɗarin ne ya kashe shi, kuma ya kamata ya shiga lissafi. Amma wa ya kai labari? Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mu nawa ne a nan muka taɓa karɓar takardar mutuwar wani namu, in ba gado ko fansho ya tilasta mana ba?

Idan aka buɗe littafi a Minna ko Abuja aka ga babu komai a gaban sunan yankinmu, ba za a ce mutanen nan masu haƙuri ne ba. Cewa za a yi hanyarsu lafiya lau take.

ME YA SA MUKE GUDUN ƘIDAYA?

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, laifin ba na hukuma ba ne ita kaɗai. Muna da dalilai uku da ke sa mu noƙe.

Dalili na farko tsoro ne da muka gada. Iyayenmu sun san zamanin da in ka ga malamin hakimi da littafi, to haraji ne ko jangali. Aka saba ɓoye yara, a kora shanu daji. Ko da gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, tsoron biro bai fita daga zukata ba. Har gobe in ka tambayi mutum buhu nawa ya noma, sai ya ce "alhamdu lillahi" ya yi gaba. Amma ƙidayar hanya ba ta tambayar dukiyar kowa. Mota take ƙirgawa, da rami, da gada.

Dalili na biyu, wasu na ganin kai rahoton mutuwa kamar rashin tawakkali ne. Malamanmu na nan, su gyara mana in mun yi kuskure. Mun yi imani babu mai wuce kwanansa. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara, shi ne ya koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu. In an ce a rubuta bashin kuɗi, yaya ran ɗan Adam? Ba mu ce a jinkirta jana'iza ba, a'a. A yi sutura a kan lokaci, amma bayan an dawo daga maƙabarta, wani ya ɗauki biro.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi shafar ƙungiya irin tamu. Da yawanmu, ko iyayenmu, noma da fatauci ne suka kawo mu wannan ƙasa daga Katsina, Zamfara, Sakkwato, Kano da sauran wurare. Masarautar Kontagora da mutanen da muka tarar suka karɓe mu, suka ba mu gona da wurin zama, Allah ya saka musu da alheri. Saboda haka wasunmu kan ce, baƙo ba ya ɗaga murya. Kunya abu ne mai kyau. Amma rami ba ya tambayar asali. Bakamuke da Bakambare da Bafulatanin da ke kiwo a makiyayar Bobi da Bahaushe, mota guda suke shiga ranar kasuwa, in ta kife tare suke kifewa. Nan muka binne iyayenmu, nan aka yanke wa 'ya'yanmu cibiya. Wanda ya ci amfanin ƙasa, ya kamata ya ɗauki rabonsa na wahalarta, kuma wannan aiki yana cikin hanyoyin da za mu rama alheri.

DARASIN BAYA

Dattawa za su tuna hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 domin buɗe hanyoyin karkara, da asusun PTF da aka kafa a 1994 aka rushe a 1999. An yi aiki a wurare da dama, amma da yawa daga hanyoyin karkaran nan ruwa ya cinye su bayan 'yan shekaru, don babu mai bin sawunsu. Daga baya aka zo da shirin hanyoyin karkara na RAMP kashi na biyu, da tallafin Bankin Duniya, wanda Jihar Neja na cikin jihohin da suka amfana. Irin waɗannan shirye-shirye ba su iya yin kowace hanya, zaɓe suke yi, kuma abin da suke dubawa shi ne yawan jama'ar da hanya ke yi wa amfani da yawan amfanin gonar da ke bi ta kanta. Ranar da irin wannan dama ta sake zagayowa, garin da ke da rubutaccen bayani a hannu ya riga mai dogon baki.

SHAWARWARIN KWAMITI

Domin kada mu tashi da magana kawai, ga abin da muke roƙon wannan taro ya amince da shi:

1. A buɗe littafi guda mai kauri, a kira shi Littafin Hanya, ya zauna wurin magatakardan ƙungiya. Duk haɗarin da ya faru, babba ko ƙarami, a rubuta rana, da wuri, da irin abin hawa, da sanadi, da yawan waɗanda suka ji rauni ko suka rasu. Wanda ya cika daga baya a koma a ƙara shi.

2. Kowane ƙauye ya ba da mutum biyu masu iya rubutu, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Iyayenmu mata su ba da tasu wakiliya, domin labarin masu naƙuda da marasa lafiyar da hanya ta tsare, su suka fi mu saninsa.

3. Sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta, matasa su bi kowace hanya da babur, su duba mitar babur su rubuta tsawonta, su ƙirga kwalbatoci da gadoji, su ɗauki hoto da waya. A rubuta kwana nawa hanya ta yanke a damina.

4. Da taimakon shugabannin tasha da 'yan kamasho, a ƙirga motocin da suka yi lodi ranar kasuwa da wata rana da ba ta kasuwa ba, lokacin kaka da lokacin bazara, da jimillar buhunan masara, dawa, wake da waken suya da suka fita.

5. Idan haɗari ya faru a babban titi, a kira 122, lambar kyauta ce ta 'yan rod-sefti. Wanda aka rasa, danginsa su daure su yi rajistar mutuwarsa.

6. Ƙarshen shekara a taƙaita komai a shafi biyu, a kai wa iyayen ƙasa su sa albarka, sannan a kai kowane kuka ƙofarsa: na ƙauye Bangi, na jiha da na tarayya Minna, a ba wakilanmu na majalisa kwafi. A tabbata an buga hatimin karɓa a kan namu kwafin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta ya tambayi abin da hukuma ta rubuta a kan hanyarsa.

Sai gargaɗi biyu, kuma muna roƙo a saurara da kyau. Na farko, kowa ya san abin da yankin nan ya gani na rashin tsaro. Kada wani yaro ya je ya zauna bakin hanya da takarda yana ƙirga motoci ba da sanin mai gari da jami'an tsaro ba, kada a ɗauke shi ɗan leƙen asirin ɓarayi. Haka kuma ba a rubuta sunan mai kaya, ko kuɗin da ya ɗauko, ko lokacin da yakan taso. Jimilla kawai muke so. Na biyu, kada a ƙara gishiri. In mutum biyu suka rasu, a rubuta biyu. Ranar da aka kama ƙarya guda a littafin nan, duk sauran gaskiyar da ke ciki ta zube. Kuma in lodin wuce kima ne ko gudun direbanmu ya jawo, a rubuta hakan, ko da motar ta ɗan kwamiti ce.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, ba mu yi muku alkawarin cewa da an buɗe littafi gobe za a ga katafila ba. Mai yiwuwa mu kai takarda shekara ɗaya, biyu, uku, a yi shiru. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kuɗin littafi da biro bai kai na buhun taki ba. Abin da muke so shi ne, ranar da za mu sake tsayawa gaban wani jami'i ya ce "ran nawa ga wata, a kilomita na nawa", kada mu sake kallon juna. Magatakarda ya buɗe shafi ya karanta masa.

Littafin yana nan a kan tebur, mun zo da shi. Shafin farko mun bar shi domin saurayin nan da masara ta danne. Duk wanda ya tuna ainihin ranar, ya ga magatakarda kafin a watse.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya ƙara wa Sarkin Sudan lafiya da nasara, ya mai da kowa gidansa lafiya.